Tumbin da muke yi wa barka

'Yan'uwa na Birnin Kebbi da Jega, ina gaisuwa daga Ingila. A nan idan mutum ya kai shekara 40 ana kiransa duba lafiya kyauta, a maimaita duk shekara 5 har ya kai 74. Da na je, ma'aikaciyar jinya ta zagaya cikina da tef irin na tela, ta ce ƙugun mutum bai kamata ya kai rabin tsayinsa ba, nawa kuwa ya zarce. Ta kuma duba bayan wuyana. Baƙin nan mai kauri da muke cewa dauɗa ce, har a sa yaro ya yi ta dirza da soso, ta ce sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, wato sinadarin da ke sa suga ya bar jini ya shiga sassan jiki. Gwajin jini ya nuna ina dab da ciwon suga. Wallahi jikina ya yi sanyi, don ban je da ciwon komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ashe kitse ba ajiya ba ce kawai, sinadarai yake aikawa cikin jini. Akwai leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki na da isasshen tanadi, a rage ci. Mai ƙiba yana da shi jingim, amma ƙwaƙwalwarsa ta daina saurare, sai ya ci ya ƙoshi, an jima yunwa ta dawo. Akwai adiponectin, mai taimakon hanta da tsoka su amsa wa insulin, shi kuwa raguwa yake yi in kitse ya ƙaru. Mafi muni shi ne kitsen da ya nannaɗe hanji, domin abin da yake zubarwa hanta yake nufa kai tsaye, har da sinadaran kumburi. Daga nan sai jiki ya daina jin insulin, ya yi ta ƙaro shi har ya gaji, suga ya taru a jini.

Mu kuwa a gida mutum na ajiye tumbi sai a ce Alhaji ya samu, daɗi ya ratsa shi. Amarya ta je kemis ta sayi sha-ka-fashe don kada dangin miji su ce ba ta da jiki, alhali wasu ƙwayoyin nan su kansu suna tayar da suga. Ba a zuwa gwaji sai gyambo ya ƙi warkewa ko ido ya fara hazo. Wannan yana ƙona mini rai.

Kada ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. Kafin ka ga likita sai ka kama waya tun ƙarfe takwas na safe, kana layi a ce gurbi ya ƙare, sai gobe. Takardar abincin da aka ba ni babu tuwo, babu fura, mai ba da shawarar ba ta taɓa jin sunan kuka ba. A manyan shaguna biskit da lemon kwalba ne masu araha, lafiyayyen kifi kuwa sai mai hali. Ina tuna kifin Argungu, da kwaɗon zogale da rama da muke rainawa muna cewa abincin talaka. Geron da ake aunawa da tiya a kasuwar Jega, a nan ɗan ƙullin leda ake sayar mini a shagon kayan Afirka, sai na hau bas kafin in kai, wani lokacin ma in tarar ya ƙare.