Wurin ƙarin jini nan Yamai, abin da na gani

Ƙanena yana da hemofili, ciwon nan da jini ba ya tsayawa, haƙori ɗaya ya cire mu ka kwana likita. Wallahi da lokotoro ya ce sai an ƙara mishi jini gabana ya faɗi, don na san abin da ya faru Faransa a 1985, masu irin ciwon nan aka ɗura ma sida cikin maganin da ake yi da jinin mutane, har shugaban wurin ƙarin jini na ƙasar, Michel Garretta, aka yanke mishi ɗaurin shekara 4 a 1992. Ingila ma sama da mutum 30,000 suka kamu da sida ko ciwon hanta.

Sai na yi ta tambaya kamar ɗan sanda, matar da ke aiki wurin ba ta yi fushi ba, ta ce baba kwantar da hankalinka, ta ciro ledar jini daga firigo ta nuna min takarda a jiki, an auna sida, ciwon hanta hepatit B da C, da tunjere. Allura sabuwa gaban idona aka yage ta.

Jira dai kam mun sha shi, tun hantsi har la'asar, benci ɗaya tak kuma zafi. Ku zo da ruwanku da mai ba da jini.