Safar Matse Ƙafa Ga Mai Jiri Idan Ya Miƙe: Abin da Muka Gani Cikin Wata Uku

Mahaifiyata ta daɗe tana fama da jiri duk lokacin da ta miƙe tsaye, musamman idan ta ɗago daga sujada a sallar asuba, har wata rana ta yanke jiki ta faɗi a bakin gado. Likita ya auna jininta tana kwance, ya sake aunawa bayan ta tsaya minti 3, ya tarar lambar sama ta awon hawan jinin ta sauka da fiye da 20, kuma wannan ne ma'aunin lalurar saukar jini idan an miƙe tsaye. Ya ce idan mutum ya tashi, jini kimanin rabin lita yakan gangara ƙafafu da ciki, idan jijiyoyi ba su tsuke da wuri ba sai ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini.

A kan shawararsa muka sayi safar a wani kantin magani, mai matsi 20 zuwa 30 (lambar da ke nuna ƙarfin matsin safar), doguwa wadda ke kaiwa ƙugu, domin ta iya gwiwa ba ta taɓa cinya da ciki, inda jinin ya fi taruwa. Tana sa ta da safe kafin ta sauko daga gado, ta cire idan za ta kwanta. Cikin mako biyu duhun da ke rufe mata ido ya ragu sosai, har ta koma tsayuwa a madafa ba tare da dafa bango ba, abin da ya faranta mini rai ƙwarai.

Sai dai safar tana da wuyar sawa. Dattijuwa ba za ta iya jan ta ita kaɗai ba. A zafin Afrilu kuwa azaba ce, ga gumi ga ƙaiƙayi. Abin da ya fi damun Hajiya shi ne alwala, saboda haka muka canza zuwa mai buɗaɗɗen baki, wadda ake naɗewa sama da idon sawu a wanke ƙafa.

Ba safar kaɗai ta yi aikin ba. Hajiya tana shan ruwa kofi biyu kafin ta tashi, tana ɗan zama a bakin gado tana motsa ƙafafu, mun kuma ɗaga kan gadon da bulo. Gishiri kam ba mu ƙara ba, tunda likita bai ce ba. Mai ciwon suga ko toshewar hanyar jinin ƙafa kada ya sayi safar sai an duba shi, domin matsin yana iya jawo masa gyambo.