Furosesa ta ƙi wuce 4.8 GHz: ƙarin wuta ko sabuwar fanka?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya yi tambaya jiya da dare. Yana da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-9600K a kan madabod Z390, ya ƙara mata gudu zuwa 4.8 GHz da wuta 1.30V, lafiya lau. Da ya sa 5.0 GHz sai shuɗin allo, wato kwamfutar ta faɗi. Wai ya ƙara wuta ne, ko ya gangara Circle ya sayo babbar fanka?

Ɗan'uwa, kada ka taɓa aljihu tukuna. Ciwo biyu ne masu kama da juna, amma kowanne da alamarsa.

Idan wuta ce ta gaza, kwamfutar ba ta jan ƙafa, faɗuwa take yi farat ɗaya. Kana kunna manhajar gwaji mai ɗora wa furosesa nauyi, irin Prime95 ko OCCT, cikin minti biyu ko uku sai allo ya yi shuɗi da rubutun WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, alhali zafi bai ma kai digiri 80 ba. Idan kuwa zafi ne, akasari ba ta faɗuwa. Wannan furosesa iyakarta digiri 100, tana zuwa wajen sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ka sa 5.0 a BIOS, wato shafin saitin madabod, amma ka leƙa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudu da wuta, ka ga tana rarrafe a ƙasa da haka, fanka na ihu kamar injin niƙa. Don haka ka buɗe HWiNFO a gefe, ka zuba wa lambobin ido har lokacin da za ta faɗi.

Ƙarin wuta kyauta ne, shi ya sa kowa ke fara kai hannu can. Amma ka yi lissafi. A ce sai ka kai 1.38V kafin 5.0 ta zauna. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hawa ne da ninkin wutar sau kanta, sannan da gudun. Daga 1.30 a 4.8 zuwa 1.38 a 5.0, ka ƙara zafi kusan kashi 17 cikin ɗari, gudun da ka samu kuwa kashi 4 ne kacal. A wasa ko haɗa bidiyo da ƙyar idonka zai gane bambancin. Kafin ma ka ƙara, duba ko wutar tana zamewa ƙasa idan aiki ya yi nauyi. Ka sa 1.30, amma da gwaji ya kankama sai ka ga 1.24. Maganin wannan shi ne LLC a BIOS, saitin da ke rage zamewar wutar, ka ɗaga shi mataki ɗaya ko biyu, ba har ƙarshe ba. Idan a Prime95 kaɗai take faɗuwa, sa AVX offset (saitin rage gudu a lissafi mai nauyi irin na Prime95) a 2, ta riƙa sauka da 200 MHz a irin wannan aikin. Ni dai ba na wuce 1.35V a injin da ake aiki da shi kullum.

Fanka kuwa kuɗi ce, kuma ba ta gyara ƙarancin wuta. Amfaninta shi ne ta ba ka sarari. A nan ne Accra ke yi mana illa: masu bidiyon da kake gani suna kai 5.0 a YouTube, a ɗaki mai sanyi suke, mu kuwa a watan Maris ɗakin da ba AC yana haura digiri 30. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ta ƙara kusan ɗaya. Ga kuma ƙurar hunturu. Na taɓa buɗe injin wani ƙanena a Mamobi, na tarar ƙura ta toshe tsakanin faifan ƙarfen sanyaya kamar auduga, man sanyaya da ke kan furosesar ya bushe ya zama garin alli. Buroshi da sabon mai kawai muka sa, zafin ya sauko sosai, ba a sayi komai ba sai man.

Akwai kuma ɓarawo na uku da ba ka ambata ba, wato RAM. Ni kaina na kwana uku ina ƙara wuta a banza, ashe XMP ne, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, da RAM ɗin gwanjo da aka sayar mini. Kashe XMP, ka gwada furosesar ita kaɗai, daga baya ka bi RAM ɗin da manhajar gwajin RAM, MemTest86.

Da injin nawa ne, da na gwada 4.9 da 1.33V na awa ɗaya, ina kallon kada zafi ya wuce 85. In ta riƙe, shi ke nan. In ta ƙi, na koma 4.8, kuɗin fankar kuma na sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, da su, don ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS ya fi shuɗin allo muni nesa ba kusa ba. Turo mana hoton HWiNFO ɗin bayan minti goma na gwaji, da sunan fankar da ke kai yanzu.