Injin Rotax 912 ULS a zafin Riyad: abin da gwajin farko ya nuna mana

Ga wanda zai haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, babu shawarar da ta kai zaɓen inji nauyi, domin fiffike da gangar jiki ana iya bin su da ido a ƙasa, amma halin inji ba ya fitowa sai an tashi. Ni da abokin aikina, Hausawa biyu da gyaran jirage ya zaunar a Riyad, mun ɗora Rotax 912 ULS a kan jirgi mai kujera biyu da muka sayo kayansa muka haɗa, kuma gwajin ya yi nisan da zan iya faɗin ra'ayina a kansa.

A Ostiriya ake ƙera injin. Yana da silinda huɗu da ƙarfin doki 100, ruwa ne ke sanyaya kawunan silinda, iska kuma ta sanyaya jikinsu. Yana juyawa har sau 5,800 a minti lokacin tashi, amma ba a yarda a wuce minti biyar a haka ba, sai a dawo 5,500 ko ƙasa, giyabos kuma yana rage juyin kafin ya isa farfela. Wanda ya saba da manyan injinan Amurka masu juyawa a hankali zai ji sautinsa ya yi sama da yawa a karon farko, amma haka aka gina shi. Akwai kuma wata al'ada da dole a koya: tankin baƙin mai daban yake da injin, don haka kafin a duba ma'auni sai a buɗe murfin tankin, a riƙa juya farfela da hannu a hankali, har a ji ƙarar kurɓa daga ciki, alamar man ya koma wurinsa. Wanda ya duba kafin wannan zai ga kamar mai ya yi ƙasa, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima.

Bayan an kammala takardun hukuma, wani gogaggen matuƙi ne ya fara ɗaga jirgin daga filin Sumama da ke arewacin Riyad, jim kaɗan bayan sallar asuba, ya yi ta kewaya saman filin yadda ko injin ya mutu zai iya saukowa lafiya. Injin bai yi gardama ba. Ƙarfinsa a tashi ya gamsar da ni, girgiza kaɗan ce, kuma a tafiyar yau da kullum ba ya shan lita 20 a awa.

Inda aiki ya taso shi ne zafi. Riyad tana kusan mita 600 sama da teku, idan kuma zafi ya kai digiri 45 iskar tana yin sauƙi kamar ta wurin da ya kai mita 1,800, ƙarfin inji ya ragu, sanyayawa ma ta ragu a lokaci guda. A wani tashi da aka yi da hantsi, zafin baƙin mai ya doshi iyakarsa ta digiri 130 tun jirgin bai gama hawa ba, alhali inda ake so ya zauna shi ne tsakanin 90 da 110. Da matuƙin ya sauko sai ya ce mini, "Injiniya, injinka lafiyarsa ƙalau, iska ce ba ta samun hanyar fita." Gaskiyarsa ce. Murfin injin da ya zo cikin kayan jirgin an tsara shi ne don ƙasashen sanyi, kuma akwai rata a gefen lagireton mai da iska ke silalewa ta ciki. Muka toshe ratar, muka faɗaɗa mafitar iska ta ƙasa, allurar ta sauko inda ya kamata.

Batun fetur ya zo mana da sauƙi, tunda injin yana aiki da mai lamba 95 na gidan mai, man jirgi mai dalma kuwa yana tilasta yawan canjin baƙin mai. Sai dai fetur ɗin mota yana saurin zama tururi cikin tiyo idan wuri ya yi zafi, saboda haka ban yarda a tashi a ƙasar nan ba tare da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki ba. Kafireto biyu ne da shi, kuma daidaita su yana buƙatar ma'auni da haƙuri, ba aikin kunne ba ne. Kayan gyara suna da tsada, wani dillali ma ya ja mana rai kafin ya turo matatar baƙin mai.

A binciken da ake yi bayan injin ya yi aikin awa 25 mun yanka matatar, mun duba maganaɗisun da ke kama ɓurɓushin ƙarfe, ba mu ga abin damuwa ba. A Amurka jirgin da aka haɗa a gida mai irin wannan inji yakan yi awa 40 na gwaji kafin ya ɗauki fasinja, mu ma wannan ma'auni muka ɗora wa kanmu. Zan ba duk mai niyya shawarar sayen injin, da sharaɗin ya ware kuɗi da lokaci don gyaran hanyar iska. Abin da ya rage mana shi ne hawa da cikakken nauyi a tsakiyar bazara, kuma kujera ta biyu za ta ɗauki buhun yashi ne har sai an gama shi.