Kundin Panini na Qatar 2022: cika shi sai da jama'a

Kundin kansa ba shi da tsada, kuma nan ne mutum ke ruɗuwa. Littafi ne na manna hotunan 'yan ƙwallon Gasar Kofin Duniya, mai gurabe 670 da babu komai a cikinsu, kowane gurbi da lambarsa. Sitikun da za a manna kuwa a rufaffen fakiti suke zuwa, guda biyar-biyar, ba ka san wa ke ciki ba sai ka yage. Cinikin biri a sama ke nan, shi ya sa ban ga laifin abokina da ya ce abin ya yi masa kama da caca ba.

Kamfanin Panini na garin Modena ne a Italiya, ya fara wannan sana'a a 1961, kundinsa na farko na Gasar Kofin Duniya kuma shi ne na Meziko a 1970. Ƙwarewar a bayyane take. Hotunan sun fito tas, gam ɗin yana kamawa, tambarin kowace ƙasa kuma yana ƙyalli. Da shafukan Afirka na fara: Senegal, Maroko, Tunisiya, Kamaru da Gana. Najeriya babu, tunda Gana ce ta tare mana hanya a Abuja a watan Maris na 2022, don haka duk sitikan Gana da na manna sai da na ja tsaki.

A farko kusan duk abin da ka ciro sabo ne. Da kundin ya haura rabi sai labari ya canza, ka yage fakiti uku ka tsira da mutum ɗaya, sauran duk kana da su. Ba rashin sa'a ba ne, lissafi ne: yayin da guraben da suka rage ke raguwa, damar dacewa da su ma raguwa take yi. Wani farfesan lissafi na Jami'ar Cardiff, Paul Harper, ya ƙididdige cewa mai cika kundin Rasha 2018 shi kaɗai, ba tare da musaya ba, zai kashe wajen fam 773. Da na fahimci haka sai na daina sayen fakiti, na rubuta lambobin da nake nema, na koma neman masu tarawa irina. A wajen musaya na ga halin mutane. Wani zai ba ka biyar ya karɓi biyu don kawai ya rabu da tarinsa, wani kuwa idan Messi ne a hannunsa sai ka rantse fili yake sayarwa.

Abu ɗaya da mai saye ya kamata ya sani: ana buga kundin ne kafin ƙasashe su fitar da sunayen 'yan wasansu. Sadio Mané yana cikin shafin Senegal, Benzema yana na Faransa, amma rauni ya hana dukansu buga ko minti ɗaya a Qatar.

Wanda ke da abokan musaya ko da huɗu ne, ina ba shi shawarar ya saya, ya kuma yanke kuɗin da zai kashe tun kafin fakitin farko. Wanda yake shi kaɗai a unguwarsu, gara ya nemi cikakken kundi a hannun wani.