Hattara da masu "ƙara gas" na bakin titi a Legas

Salamu alaikum 'yan uwa masu mota, musamman direbobinmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba.

Akwai wasu masu tsayawa bakin titi da tukunyar gas da tiyo, suna kiran kansu masu gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota. Watan jiya na faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Ina cikin gosulo a hanyar Ikorodu sanyin Corolla ɗina ya ɗauke, fasinja na ta fifita da takarda. Da na tsaya wurinsa, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Ya ɗura, na biya. Kwana 9 sanyi ya sake tafiya. Da na koma sai zance ya canza, wai kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, ya mutu, in kawo kuɗin tokunbo, wato na hannu daga ƙasar waje.

Allah ya sa ban biya ba. Wani dattijon bakanike ɗan garinmu ya duba, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, sai ga ƙwayayen kumfa suna tasowa. Wata 'yar roba ce ta tsufa take yoyo. Kwamfireso lafiyarsa ƙalau.

Ku riƙe wannan: gas ɗin esi ba fetur ba ne, mota ba ta ƙona shi ya ƙare. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe, in ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Wanda ya ɗura maka bai nemi yoyon ba, ya san za ka dawo, kuma dawowar taka ce kasuwarsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da dattijon ya saki kaɗan daga abin da aka ɗura min, warin gas ɗin girki ya bugi hancinmu. Yana sanyi, amma yana kama wuta. Da shi nake ɗaukar 'ya'yan mutane zuwa makaranta, wallahi har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Yawancin motocin da muke hawa R134a suke sha, wasu sababbi R1234yf. Sunan gas ɗin da yawan giram ɗinsa suna rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet. Ka karanta da idonka, ka ga jikin tukunyar kafin a jona tiyo. Mai gyaran kirki sai ya sa injin zuƙar iska ya zuƙe iskar da ke cikin bututu kafin ya ɗura.

Kafin ka yarda kwamfireso ne, a duba fiyus, da fankar gaban lagireto, da filtar da ke bayan akwatin gaban fasinja, don ƙura kan toshe ta. In kuma lallai za a canza wani abu, kada ka bar wurin, ka ce a miƙo maka tsohon a hannunka.