Takardar sule ashirin mai rubutun "Kano 1942": abin da ya iso hannuna

Wata biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar takardar kuɗi ta intanet, daga wani mai sayar da kayan tarihin yaƙi a Ingila. Fam 48 ta ci har da kuɗin aikowa. Kwana goma ya ce mini za ta iso, amma sai da ta kwashe mako biyar a hanya. Wannan kam na haƙura.

Sule ashirin ce ta zamanin Turawa, irin wadda aka kashe a Najeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Amma ni rubutun hannun da ke jikinta na saya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa jiragen sama suna da wata al'ada: in sun yi doguwar tafiya tare, sai kowa ya sa hannu a takardar kuɗin ɗan'uwansa. Wasu sukan riƙa haɗa kuɗin ƙasashen da suka sauka, suna manne su da juna har su yi tsawo kamar rawani. Amurkawa na kiran wannan "short snorter", kuma duk wanda aka ce ya fito da tasa bai fito da ita ba, shi zai saya wa jama'a abin sha.

Tawa sa hannu bakwai ne a kanta. Tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, biyu ma ba sa karantuwa. A gefe guda wani ya rubuta "Kano 1942" da ƙananan baƙaƙe, alƙalamin har ya ɗan huda takardar. Na daɗe ina duban wurin nan. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a Yunin 1940, ratsa Bahar Rum ya zama kasada ga Ingilishi, sai suka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, tashar jiragen ruwa a Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, su taso ta Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Khartum, sannan su miƙe Masar. Ayarin farko ya tashi ne a Satumban 1940. Ke nan wanda ya yi rubutun nan ƙila a garinmu Kano ya kwana, ya sha ruwanmu, kashegari ya nufi gabas.

Inda mai kayan ya ɓata mini rai shi ne bayan takardar. Hoton gaba kawai ya ɗora, ashe baya akwai tabon gam mai faɗin yatsa biyu, ya ci har ya fara ɓullowa. Takardar shaidar da ya haɗo kuma shi ya buga abarsa, shi ya sa mata hannu, babu sunan rundunar mutanen nan bakwai, babu bayanin inda ya samo ta. Kuɗin dai na gaske ne, na gwada da na wani dattijo mai tara tsofaffin kuɗi a unguwarmu. Sa hannun kuwa sai dai in karɓa da kyakkyawan zato. Taswirar hanyar da ya ce kyauta ce, fotokwafi ce mai dishi-dishi, Maiduguri ma ta yanke.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Mai niyyar saya ya nemi hoton gaba da baya tukuna, ya tambayi gidan da aka samo ta, kuma kada ya ƙara ko sisi saboda takardar shaida. Takardar kuɗin tawa na cire ta daga ledar da ta zo ciki, don ta fara mannewa, na ajiye ta tsakanin fararen takardu biyu a akwatin da rana ba ta kai masa.